Hakiya a Idon Helma

Akawu Onyebuchi ne ya jawo mana wannan jidali, kuma har gobe ban gama yafe masa ba. Akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Jos, mutumin kirki, sai dai yana da cuta guda: ba ya iya ganin tallar littafi a jarida bai aika an kawo masa ta gidan waya ba. A daminar 1954 aka kawo masa wani siririn littafi mai koren bango, na wani malamin Turai, wai a kan gaskiya. Ya yi sati biyu yana fama da shi, kansa ya ɗau zafi, sai ya ga bai kamata ya sha wannan wuya shi kaɗai ba. Ya ɗauko shi ya kawo shagonmu.

Shagon hoto ne a bayan babbar kasuwa, na Oga Ajani, mutumin Ogbomosho. Shi ke ɗauka, ni Shu'aibu ni ke gyara. Turancin Oga bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, Hausar Akawu kuwa ta kasuwa ce, wadda ake ce wa mace “ya zo”. Ni da tsautsayi ya sa na yi shekara huɗu a makarantar Midil, ni aka ɗora wa tafinta. Kowace Asabar bayan azahar mu zauna a bencin masu jiran hoto, Akawu ya karanta jimla, ni in juya ta da Hausa, Oga ya yi gardama ko ya yi gyangyaɗi.

Sunan mai littafin kada ma ka tambaye ni, in ka ce za ka faɗe shi sai ka ji kamar ƙayar kifi ta maƙale maka. Ni Malam Kewaye na raɗa masa, don bai taɓa shiga zance ta ƙofa ba, sai ya zagaya ta bayan gida ya haura katanga.

Shafin farko dai ya yi mini daɗi. Ya ce abin da kowa ya sani shi ne, gaskiya ita ce magana ta yi daidai da abin da ake magana a kai. In ka ce ana ruwa, aka leƙa aka ga ana ruwa, ka faɗi gaskiya.

“Madalla!” na ce. “Ashe mutumin yana da hankali. Akawu, rufe littafin, mun gama.”

“Malam Shaibu, saura shafi sittin,” in ji Akawu.

“Sittin na me? Ai ya faɗa.”

Ashe shimfiɗa ce. A shafi na biyu Malam Kewaye ya ce wannan da kowa ya sani ɗin, a nan matsalar take. Wai ta yaya magana, wadda iska ce, za ta yi daidai da ruwan sama, wanda ke jiƙa mutum? Haba jama'a! Mutum da furfurarsa ya zauna yana tambayar wannan? Muka yi Asabar uku a shafi huɗu. Kalma ɗaya sai ya ɗauke ta ya juya, ya ce ba ma'anarta ke nan ba, ya ba ta wata, kafin ka riƙe wannan ɗin ya ƙwace ya ce ita ma ta wucin gadi ce. Na koma gida Anguwan Rogo ina magana ni kaɗai a hanya, har wata mai ƙosai ta tambaye ni ko lafiya.

A Asabar ta huɗu muka iso wurin da ya tsaya mini a wuya. Na juya shi da Hausa sau biyar, ga mafi dama-dama: kafin ka auna magana da abu, sai abin ya fara fitowa fili ya tsaya a gaban wani, kuma ba ya fitowa sai ga wanda ya ƙyale shi ya zo yadda yake. Wanda ya riga ya san abin da yake so ya gani, ya rufe shi tun bai iso ba.

“To sai me?” na ce. “Wa ya hana abu fitowa? Ga benci, ga Oga, ga buta. Duk sun fito, ba wanda ya roƙe su.”

Akawu ya nuna hotunan da muka jera a bango, na amare da na 'yan dako da na wani ɗan sanda da keke. “Kamar hoto ne,” ya ce. “Hoto ya yi daidai da mutum, shi ya sa hoto ba ya ƙarya.”

Oga Ajani ya farka ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya san abin da nake yi wa fuskokin nan a bayan labule.

Bari in gaya maka aikina, don ka gane abin da ya biyo baya. A lokacin a kan gilashi muke ɗaukar hoto, kuma a jikin gilashin komai a juye yake: baƙi ya fito fari, fari ya fito baƙi. Ina da akwati mai 'yar taga, da madubi a baya mai turo haske. In ɗora gilashin a tagar, in rufe kaina da baƙin ƙyalle, in shiga aiki. Tamoji, da ƙuraje, da tsagar gado, duk suna fitowa kamar siraran farare layuka, sai in cike su da fensir mai tsinin allura har su ɓace. Abin da yake fari a fuska kuwa, kamar furfura ko tabon ƙuna, baƙi yake fitowa, shi sai da 'yar aska ake kankare shi a hankali. Fensir yana wankuwa in an sa masa mai. Abin da aska ta ɗauke ya tafi ke nan.

Dokar Oga ce, ba mai fita daga shagonsa da muni. Kuma mutane suna so! Tsohuwa ta karɓi hotonta ta ga ta koma 'yar talatin, ta yi ta sa mini albarka. Daga Bukuru har Naraguta ba wanda ya kai ni hannu, wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

“Gyara ba ƙarya ba ce,” na ce wa Oga, don na ga dariyar tasa ta yi yawa. “Mutum nake fitarwa yadda yake ranar da ya ƙoshi, ya yi barci, ba wanda ya ɓata masa rai.”

Ina rufe baki aka yi sallama. Wata mata ce a bakin ƙofa, doguwa, siririya, da goyo a baya, ruwa ya jiƙa mata gefen mayafi. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta kwance bakin zanenta ta ciro wata 'yar takarda da ta sha ninki har ta kusa rabuwa. Takardar karɓar hoto ce ta shagonmu. Oga ya miƙo mini na karanta: Bala Helma, watan Janairu.

“Baiwar Allah, wata bakwai?” na ce. “Shi mai hoton ina ya shiga?”

“Ya rasu, Malam.”

Muka yi salati, muka yi mata gaisuwa. Sunanta Tabawa. Mijin nata shugaban leburori ne a wani filin haƙar kuza, an ba shi helma da sati ɗaya ya zo ya ɗauki hoton, bayan kwana tara gefen rami ya rufto masa. Tana da ciki a lokacin. Ta haihu, ta yi arba'in a gidan ƙanin babanta a Rikkos, yanzu kuma za a mai da ita garinsu can ƙasar Katagum, motar Talata da sassafe. Takardar a aljihun rigarsa ta same ta. Duk bayanin nan ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, sai dai “shi”, ko “mai gidan”.

Na shiga ciki na binciko ambulan ɗin, na zaro hoton, har da ɗan alfaharina, don aikin ya yi kyau. Ga mutum zaune a kujerar Oga mai hannu, da sabuwar hula, fuska sumul, idanu biyu baƙaƙe wuluk suna sheƙi.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kalla. Ta matso da shi kusa da hanci, ta nesanta, ta karkata shi wajen haske, kamar mai duba atamfa a kasuwa. Ta daɗe tana kallonsa ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Sannan ta miƙo mini.

“Malam, an yi musanya. Wannan ba shi ba ne.”

“Shi ne mana. Ga lamba a takardarki, ga lamba a bayan hoto.”

“Hular tasa ce. Rigar ma ni na wanke ta. Amma ba shi ba ne.”

Raina ya fara ɓaci. Sati huɗu wani Bature yana gaya mini ban san gaskiya ba, yau kuma ga wata daga Rikkos ta zo tana gaya mini ban san aikina ba.

“Baiwar Allah, na'ura ce ta ɗauka, ba ni na zana shi ba. Na'ura ba ta san son kai ba.”

“Ina tsagarsa? Uku-uku ne a kumatu. Ina layin da ke nan tsakanin girarsa? Ina hakiyarsa?” Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na hagu. “Tsakuwa ce ta fallatsar masa tun yana leburan ɗaukar kwano a ramin kuza, ta bar masa fari a ido. Kowa a bariki da ita ya san shi.”

“Ai gyara masa na yi. Alheri na yi masa.”

“Shi ya ce ka yi?”

Ba wanda ya taɓa cewa in yi, ba kuma wanda ya taɓa cewa in bari.

“Da shi ne, Malam, ina zan iya tsura masa ido haka?” ta ce. “Wannan ko a hanya na gamu da shi ba zan kauce ba.” Ta juya kafaɗa ta nuna goyon. “Shekara tara muna tare, wannan ce haihuwar da ta fara zama mana. Ba ta gan shi ba, bai gan ta ba. In ta girma ta ce yaya babana yake, wannan ɗan gayun zan nuna mata?”

Oga Ajani ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa. “Shu'aibu,” ya ce a hankali, “garin neman gira.” Bai ƙarasa ba, kuma gara da bai ƙarasa ba, don da na ajiye masa aikinsa a ranar. Dokar wa nake bi in ba tasa ba?

Na ce mata ta dawo Litinin da hantsi. Bayan ta fita Akawu ya ɗaga koren littafin, idonsa na ƙyalli, ya ce, “Malam Shaibu, ka ga abin da mutumin yana faɗi?” Na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya zan jefa Malam Kewaye cikin ruwan wanke hoto.

Ranar Lahadi na nemo gilashin a cikin akwatin watan Janairu. Ɗaya ne tak, don Oga ba ya ɗaukar mutum sau biyu. Na ɗiga mai a auduga na goge fensirin. Tsagar ta dawo, uku-uku. Layin goshi ya dawo, da wasu tamoji a gefen baki waɗanda ban ma tuna na cike su ba. Na duba idon hagu da madubin ƙara girma, sai na ga sawun askata. Na kankare wurin tas, har na zarce gefe na lallaɓa shi don kada a ga alama. Gwaninta ta yi mini rana! Na san wane ido ne, amma girman farin, da siffarsa, da inda ya karkata, babu ko ɗigo.

Na rufe ido na yi ƙoƙarin tuno mutumin. Ni na gyara masa zaman hula a ranar, ni na ce ya ɗaga haɓa. Na tuna hular sarai, har da zaren da ya zazzago a gefenta. Fuskar kuwa, wallahi ko za a yanka ni ban tuna ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ina zaune cikin baƙin ƙyallen nan sai jimlar Malam Kewaye ta faɗo mini, wadda na sha wuyar juyawa, ta wanda ya riga ya san abin da yake so ya gani. Na yi tsaki na ce, kai kuma wa ya kira ka?

Litinin da hantsi Tabawa ta zo, ta zauna a ƙarshen benci, ta sauko da jaririyar kan cinya. Na gaya mata gaskiya: tsaga ta dawo, hakiya kuwa sai dai in mayar da ita da fensir, kuma ni ban san kamanninta ba.

“Ke za ki gaya mini. Amma ke da kika ce ba kya kallonsa, ta yaya za ki sani?”

Ta ɗan sunkuyar da kai. “Malam, shekara tara ina satar kallonsa. In yana cin abinci, in yana alwala. Na fi shi sanin ta.”

To, bismilla. Ta ce fari ne a gefen baƙin idon, wajen hanci. Na shiga, na ɗiga ɗigo kamar ƙwayar gero, na kai ɗakin duhu na buga a kati, na wanke, na fito da shi yana ɗigar ruwa. Ta karɓa ta ƙura masa ido.

“Wannan ai idon kifi ne. Tasa ba ta da da'ira.”

“Da ba ki faɗa ba!”

“Ba ka tambaya ba, Malam.”

Na haɗiye fushina. Na tambaya. Ta ce kamar yankan farce take, a tsaye, ta ɗan jingina. Na koma, na goge, na zana yankan farce, na buga, na wanke, na fito. Ta kalla ta ce ya yi kauri, kuma na jingina shi wajen kunne, alhali wajen hanci ya kamata. Na ce a gilashi komai a juye yake, ta ce ita ba gilashi ta aura ba. Oga, da ke ɗaukar wasu 'yan makaranta a tsakar gida, ya leƙo ya ga katin da na zubar a kwando, ya dubi fuskata, ya koma kan aikinsa.

Na uku ya yi siriri. Na huɗu ya yi haske da yawa, wai tasa ba fara fat ba ce, kamar ruwan shinkafa take. Kowane zuwa sai ta riƙe katin ta zuba masa ido, ta girgiza kai, ta miƙo mini kamar mai mayar da tumatir ɗin da ya ruɓe. Wuyana ya ƙage, idona na ruwa, yatsuna sun yi yaushi a ruwan maganin wanke hoto. Kuma kowace gogewa tana cin fatar gilashin. Na ga wurin ya fara laushi yana neman ɓarewa, in ya ɓare kuwa ba hakiya kaɗai ba, idon gaba ɗaya ya tafi, kuma ba wani gilashin a duniya.

Ana cikin haka, da azahar, sai ga Akawu Onyebuchi da lema da littafinsa a hammata. Wai ya fito cin abinci ne ya ce bari ya leƙo. Ya tsinci katunan da ke kwando ya jera a benci yana dubawa.

“Malam Shaibu, ina da tambaya,” ya ce. “Da ka cire farin, ka ce gyara ne, matar ya ce ƙarya ne. Yanzu kana sa fari da fensir, da hannunka. Wannan farin ba na idon mutumin ba ne, na fensir ne. To wanne ne gaskiya? Na farko na'ura bai ɗauka haka ba, na yanzu ma na'ura bai ɗauka haka ba.”

“Akawu,” na ce, “ka ga ƙofar can?”

“Tambaya ne kawai.”

“Motarta gobe da sassafe, gilashi na neman ɓarewa, ni ban ci komai ba tun safe, kai kuma ka zo mini da wanne ne gaskiya! Je ka tambayi Malam Kewaye, shi da ya ƙoshi!”

Abin haushin, tambayar tasa ta zauna. Ban da amsarta a ranar, yau ma da nake ba ka labari ba ni da ita cikakkiya.

Tabawa ta dubi littafin. “Malam, na mene ne wannan?”

“Wai bayanin gaskiya ne.”

Ta auna kaurinsa da ido. “Duk wannan?”

“Duk wannan, kuma muna shafi na biyar.”

“Allah ya sawwaƙe,” ta ce, ta gyara wa jaririyar hula.

Na yi sallah, na dawo, na zauna a ƙasa a gaban bencin, na ajiye fensirin a gefe. Na lissafa gilashin ba zai ɗauki fiye da gogewa ɗaya ba. Tun safe ina tambayarta tsawo da kauri, ina jin rabin amsa in ruga ciki, don a raina na riga na san yadda hakiya take, na ga ɗari. Wannan karon na ce, “Baiwar Allah, bar zancen farin. Gaya mini yadda yake kallon mutum.”

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi. Sannan ta fara, a hankali, tana kallon ƙasa. Ta ce idon ba ya son rana, shi ya sa fatar saman ta ɗan sauko ta rufe kan farin, ba a ganinsa duka sai in ya yi mamaki. Ta ce in zai dubi mutum yakan ɗan juyo da ɓarin dama, sai a zaci harara ce, leburori sabbin zuwa har tsoronsa suke ji, alhali ba shi da faɗa ko kaɗan. Ta ce farin yana da ɗan wutsiya siririya da ta gangaro ƙasa, wadda ba mai lura da ita sai wanda ya kawo masa ruwa ya tsaya kusa. In ya yi dariya idon dama ne ke rufewa, na hagun ya tsaya a buɗe yana kallonka.

Ban katse ta ba. Akawu ma, abin mamaki, ya ajiye littafinsa ya kasa kunne.

Na koma cikin ƙyallen na duba gilashin, ban taɓa fensir ba tukuna. Sai ga shi. Fatar idon hagu ta sauko fiye da ta dama, ƙasa-ƙasa, tun ran Lahadi take nan a gabana ban gani ba, da ma tana cikin wuraren da na ɗaga da fensir a watan Janairu. Kan nasa ma a ɗan juye yake, duk da na tuna na ce masa ya dubi gaba. A can ƙasan inda na kankare kuma, wajen da askar ba ta kai ba, ga wani ɗan baƙin zare da bai kai gashin gira ba. Wutsiyar ce. Ita kaɗai ta tsira daga hannuna.

Daga ita na fara. Na bi ta sama da tsinin fensir, ɗigo bayan ɗigo, ina riƙe numfashi, na jingina wajen hanci, na tsaya inda fatar ido ta rufe. Ban cika shi ba, na bar shi ruwan shinkafa. Hannuna ya so ya ɗan lallaɓa wani tamoji a gefen baki, don sabo, na daka masa tsawa a zuci.

Na buga, na sa katin a ruwan magani, na tsaya ina kaɗa farantin a ƙarƙashin jar fitila. Hula ta fara fitowa, sai tsaga, sai wani mutum mai gajiyayyar fuska yana dubana a karkace. Ko kusa bai kai na farko kyau ba. Na ɗauraye shi na fito, na san in ta ce a'a wannan karon ba ni da abin da zan ƙara.

La'asar ta yi, ruwa na zuba, Oga ya sallami 'yan makaranta ya shigo yana goge hannu. Na miƙa mata katin a kan tafin hannuna.

Ta kai hannu za ta karɓa kamar sauran, ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya. Hannun ya tsaya a iska. Sai ta sunkuyar da kai da sauri, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta gyara zama ta haɗe ƙafafu, ta juya wajen bango.

“Yaya?” na ce. “Ya yi kauri? Baiwar Allah, ki duba da kyau mana, ba ki ma kalla ba!”

Oga ya dafa kafaɗata ya matse. Akawu ya buɗe baki, na taka masa ƙafa ba tare da na dube shi ba, don ni ma a lokacin na gane.

Kafaɗunta na rawa. Ta ɗago jaririyar daga cinya, ta riƙe ta a ƙarƙashin hammata, ta miƙo ta wajen hoton da ke hannuna, ita kuwa fuskarta na bango.

“Ke kalle shi,” ta ce da wata 'yar murya. “Ke babanki ne, ba kunya tsakaninku.”